Mu Je Mu Gaida Tsamiya

Bana ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina. Gero ya kai gwiwa ya tsaya cak, ganyensa yana nannaɗewa tun kafin hantsi. Kullum da yamma sai hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mata su yi ta kwashe shanya, can sai iska ta taso ta watsa shi, a kwana cikin zufa kamar ba a yi ba. Jikokina sai su ciro waya su duba su ce mini wai sai jibi. Ni kuwa in na ga irin wannan hadari mai yaudara, wata damina nake tunawa, ta zamanin da kuɗin mai suka yi wa ƙasar nan yawa. A shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar damina, ruwa ya ɗauke, har aka kusa ɗora mana laifin farin, ni da yayana Haladu, saboda muna gudu.

Ni na fara kawo wannan abin magana gidanmu. A makarantar horon malamai aka koya mana gudun dogon zango, a tashe mu da sanyin asuba a kora mu daji kamar awaki, mu dawo muna haki. Abokan karatuna duk sun yi sallama da shi ranar da suka karɓi takardar gamawa. Ni kuwa abin ya shige mini jini. Da aka turo ni koyarwa a wata firamare a nan garinmu Wudil, sai na ci gaba da abina. In na idar da sallar asuba sai in sa gajeren wando da singileti da wasu kambas da suka ga duniya, in bi burtalin da ya fita bayan gari, in yi ta tafiya har rana ta fito. Ba gasa nake shiga ba, ba kuma wanda ya taɓa ba ni ko da kofin roba. Daɗinsa kawai nake ji. In na dawo kaina ya yi wasai, sai in iya da surutun 'yan aji uku har a tashi.

To amma a wancan zamani babba ba ya gudu sai da dalili: ko gobara, ko ɓarawo, ko sa ya tsinke a kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a. A makon farko sai da wata tsohuwa mai tallar kuka ta sauke ƙwaryarta ta tare ni tana tambayar wa ya rasu. Da aka tabbatar ba wanda ya rasu, sai gari ya yanke hukunci cewa boko ne ya taɓa ɗan Malam Audu, aka bar ni da halina.

Yaya Haladu shi ne ɗan fari a gidanmu. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya daɗe a bariki bayan an gama, sannan aka sallame shi ya dawo da akwatin ƙarfe da bargo ɗaya. Ba tabo ko ɗaya a jikinsa, amma wanda ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Ya shige ɗakin da ke jikin zaure ya rufo ƙofa. Ba ya hira, ba ya zuwa kasuwa, abinci ma sai ya ga dama. In aka yi tsawa kuwa, a ƙarƙashin gado ake samunsa ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ƙato kamar shi. An yi masa rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti a birni aka haɗo shi da ƙwayoyi masu sa barci. Ya yi barcin ya farka yadda yake.

Abin da ya ƙara ɗaure al'amarin shi ne kunyar ɗan fari. Inna tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Baba ma ba ya yi masa magana kai tsaye, duk abin da yake so ya faɗa masa ta bakina yake bi. Ga mutum biyu da suka fi kowa sonsa a duniya, ga shi ba mai iya zama kusa da shi ya ce, me ke damunka? Haka aka rene mu, kuma ban taɓa jin wani ya ce laifi ne ba.

Wata asuba a cikin bazara, lokacin da zafi ya kori kowa daga ɗaki, na fita kamar kullum sai na ji taku a bayana. Na waiga, sai ga Yaya, ba takalmi, sanye da wandon sojansa da ya koɗe. Don in burge shi sai na ƙara wuta, ina haki kamar zan shiɗe. Can bayan gari na ji muryarsa, wadda na yi watanni ban ji ta da dogon zance ba.

"Kai Ɗahiru, wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To sassauta. Gudun da ba ka iya magana a cikinsa ba naka ba ne, na aro ne."

Daga ranar tare muke fita. Sannu a hankali ya fara cinye tuwonsa, ya fara zama a zaure da yamma, har wata rana na tarar da shi yana gyara ƙotar fartanya ba wanda ya sa shi. Inna ta ga wannan ta shige madafa da sauri, wai hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ko wuta ba a hura ba.

Duk mai gudu ya san ba kullum jiki ke yarda ba. Akwai ranar da za ka tashi ƙafafunka kamar an ɗaura musu turmi, ka rasa dalili. Akwai ranar da zuciya ce ba ta so, tabarma ta yi ta kiranka. Ni nawa yawanci ƙyuya ce. Shi kuwa nasa, baƙin abin nan ne yakan sauko masa ya danne shi. Sai ya kafa mana doka. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin burtali, ba nisa da gidajen ƙarshe na gari. Ya ce, "Ranar da ka ji ba ka iyawa, kada ka ce wa kanka za ka yi gudu. Ka ce za ka je ka gaida tsamiya. In ka dafa ta ka ji har yanzu gida kake so, juyo abinka, ba laifi." Sau da yawa kafin mu dafa ta ƙafa ta warware, sai mu wuce. Wani lokaci kuma mu juyo da gaske, mu dawo a tafe muna hira. Na taɓa ce masa ai yau mun yi asara. Ya ce wanda ya fito bai yi asara ba.

Ruwan shuka ya sauka da wuri a shekarar. Muka shuka gero da dawa a gonar bayan gari, Baba a gaba da sungumi yana sara, ni da Yaya a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Babbar gonarmu tana can wajen Achika, jigawa ce mai yashi, Baba ya bar rabinta don wake. Irin waken yana wurin Inna tun kaka, ta cakuɗa shi da toka a cikin tulu ta liƙe bakin da laka don kada ƙwari su shiga.

Hannu ne ya yi ƙaranci. Samarin unguwarmu duk sun tafi birni leburanci, don gini ake yi ko'ina kamar ba gobe. Sukan zo ganin gida da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa, hannuwansu sun ƙi fartanya. Manyan motoci dare da rana suna ratsa gada da siminti da rodi da buhunan shinkafar waje, mu kuma muna tsaye a gona muna kallon ƙurarsu. Da Baba ya kira gayyar noman firi, tsofaffi ne suka amsa, sai mai kiɗan da ya zo ya yi ta kaɗa wa masu ciwon baya. Duk da haka aka nome, gero ya yi kore shar, kowa ya fara lissafin damin da zai ɗaure.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Mako ya wuce, wani ya biyo. Ƙasa ta yi fari ta fara tsagewa a fadama, a jigawa kuwa yashi ya koma gari, ka taka da hantsi ya ƙone maka tafin ƙafa. Kogi da ya fara cika ya janye ya bar yashi a fili, masunta suna jan kwalekwale da hannu a inda da sai da sanda. Rijiyarmu in ka jefa guga rabin abin da zai fito laka ce, sai an ajiye ta kwanta. A cikin wannan hali aka ga wata.

Ban taɓa yin azumi mai nauyin wannan ba. Rumbu ya yi ƙasa, sai Baba ya shiga ciki gaba ɗaya kafin ya miƙo dami. Inna ta rage awo ba tare da ta faɗa wa kowa ba, mu ma muka yi kamar ba mu lura ba. Da sahur ɗumamen tuwon jiya ne da miyar kuka, a kora da ruwan randa. Da hantsi a leƙa gona, ba don akwai abin yi ba, sai don zuciya ba ta barin mutum ya zauna. Daga azahar gari ya mutu, maza a gindin bishiya sun jiƙa rawani sun rufe fuska, kaji sun buɗe baki a inuwar rumbu. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri, in ka yi magana da yawa harshe ya manne a ganɗa. Da la'asar ake jin daka jefi-jefi, ba irin lugudan da aka saba ba. Buɗa-baki kunun tsamiya ne tsararo da kwaɗon tafasa, wadda Inna take tsinkowa a bakin gona. Ƙosai sai ranar Juma'a, shi ma a ƙirga wa kowa nasa. Kudin albashina yana aljihu, amma dawa a kasuwa ta yi tsadar da in ka auno sai ka ji kamar an mare ka. Wata rana na ce wa Inna a buɗe tulun nan a yi mana ko da alale ne. Ta dube ni ta ce wanda ya ci iri ya ci baɗi.

Ni da Yaya ba mu fasa fita ba. Mun dai rage, mun sassauta, mukan tafi da sanyin asuba mu dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Kwanakin gaida tsamiya suka fi na gudu yawa. Amma ko a hakan yana cin abincinsa, yana zuwa asham, yana amsa gaisuwa.

Da fari ya tsananta aka fita roƙon ruwa. Gari duka aka taru a filin idi, tsofaffi da yara, kowa ya juya rigarsa, aka yi salla aka yi addu'a har wasu dattawa suna kuka. Aka yi sadakar gumba. Da yamma hadari ya haɗu har ana jin sanyinsa a fuska, sai ga bakan gizo ya fito, tsofaffi suka ce shi ke nan ya shanye. Ko ɗigo bai sauka ba. To in an roƙa ba a samu ba, sai a shiga neman mai laifi. Aka kori masu caca daga bayan kasuwa, aka fasa tukwanen wata mai burkutu a bakin gari. Daga nan ido ya dawo kanmu.

Malam Isiyaku, aminin Baba ne tun suna yara, shi ya kawo maganar bayan la'asar. Ina zaune a bakin zaure ina jin su.

"Malam Audu, ni dai mai faɗa maka gaskiya ne. Mutane suna magana. Ana azumi, ana neman rahamar Ubangiji, 'ya'yanka ƙarti biyu suna ratsa gari da cinya a waje. Sannan an ce kullum sai sun je sun dafa tsamiyar bakin burtali. Kai ma ka san tsamiya ba ta rasa masu ita. Me suke kai mata?"

Na so in ce masa in dai cinyata ce take tare hadari, ai da gwamnati ta ɗauke ni aikin hana ambaliya. Amma ba a mayar wa aminin uba magana, sai na haɗiye ta tare da ƙishirwata.

Bayan an sha ruwa Baba ya kira ni.

"Ka faɗa wa ɗan'uwanka a dakata da gudun nan."

"Baba, shi ne fa maganinsa."

"Ina da ido, Ɗahiru. Amma bakin gari ya fi ƙarfin gida ɗaya. A dakata tukuna."

Da na isar da saƙon, Yaya ya ce, "To." Kashegari bai fito zaure ba. Bayan kwana biyu ya daina zuwa asham. Ƙofar nan ta koma rufe kamar da, kwanon buɗa-bakinsa yana dawowa yadda aka kai shi. Ga shi kullum da yamma sai an yi tsawar nan ta banza wadda ba ruwa a bayanta, ina jin motsinsa yana shigewa ƙarƙashin gado. Gaskiya na tsorata. Na ga duk abin da muka tara tun bazara yana zubewa, kuma wani abu ya faɗa mini in ya koma wannan karon ba zai sake fitowa ba. Ni kaina na zama masifaffe, jikina ya yi tsami, ko kaza ta gifta sai na yi mata tsawa. Inna takan zauna tana gyaran tafasa ta juya wa ƙofarsa baya, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Wancan ya sha kunun?" In na ce a'a sai ta ci gaba da tsinkar ganye.

Ana cikin goman ƙarshe, wata rana muna sahur a tsakar gida, Inna ta fito daga madafa ta tsaya tana kallon sama. Can ƙasa-ƙasa, nesa, ana walƙiya ba sauti. Ta zauna ta jawo ƙwaryarta, ta yi magana ba ta kalli kowa ba.

"Malam, tun ɗazu ake walƙiya ta wajen gonar jigawa. In ruwa ne ya sauka can, to yau ce ranar waken nan. Jigawa ba ta riƙe laima, in aka kai gobe an makara."

"Na gani. Gari ya waye in ɗora wa jaki akumari in je in duba."

"Kafin jakinka ya je ya dawo rana ta take. Wa zai fita shuka da azumi a tsakar rana? Keke kuma ba ya shiga yashin nan." Ta juya ludayi a ƙwarya. "Ni dai na ga kana da dawakai biyu a gida, ka ɗaure su suna cin ƙasa."

Baba ya ture kwanon gabansa. Ya sha ruwa, ya wanke hannu, sannan ya dube ni.

"Wannan aike ne, ba gudun banza ba. A sa dogon wando."

Ana idar da sallar asuba na ƙwanƙwasa ƙofar Yaya. Na ce masa Baba ya aike mu gonar Achika mu duba ko an yi ruwa. Can ya ce, "Je ka kai kaɗai. Ba zan iya ba." A lokacin an fara jin cida daga nesa, na san shi ma yana ji.

"To a bar Achika, Yaya. Zo mu je mu gaida tsamiya kawai. In ka dafa ta ka ji gida kake so, mu juyo."

Na tsaya har na fid da rai, sai na ji an zare sakata. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya dube ni ya ce, "Da maganata za ka kama ni ke nan."

Muka fita muna jan ƙafa, abin da ba za a kira shi gudu ba sai don kara. Muna isa ya ɗora hannu a jikin tsamiya, sai aka saki wata tsawa, wannan karon kusa. Ya durƙushe a wurin ya toshe kunnuwa. Na tsuguna kusa da shi. Muna nan sai wata iska mai sanyi ta biyo burtali ta doke mu. Na ga ya sauke hannu ɗaya, ya ɗaga kai yana shaƙa.

"Ka ji?"

"Na ji, Yaya. Ƙamshin ƙasa ne."

"A can," in ji shi, "in aka yi irin wannan ƙarar, wari ne yake biyo baya."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini game da yaƙi ke nan, daga ranar har yau. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce mu ƙara kaɗan.

Wanda ya gaza a ranar ni ne. Ba mu kai rabin hanya ba gefen cikina ya ɗaure kamar an soka mini tsinke. Dogon wandon nan yana harɗe ni, jiri yana ɗibana, ɗumamen sahur ya daɗe da bin iska. Na yi ta cijewa har ƙafafuna suka ƙi, na zube a gindin wata ɗorawa na ce masa ba zan iya ba. Ya tsaya a kaina. Ya dubi gaba, inda hadari ya tokare ƙasa baƙi ƙirin walƙiya tana tsaga shi, ya dawo ya dube ni.

"Zauna nan. Kada ka lashi raɓa ka ce mantuwa ce."

Ya juya ya tafi shi kaɗai. Ina kallonsa yana ƙanƙancewa a cikin burtali, ya nufi tsakiyar abin da ya fi tsoro a duniya, har duhun hadarin ya haɗiye shi. Duk tsawar da aka yi sai gabana ya faɗi. Na yi ta ganinsa a zuciyata durƙushe a wani kwari ba kowa kusa da shi. Ba addu'ar da na sani da ban karanta ba a gindin ɗorawar nan, har da ta shiga kasuwa.

Gari ya yi haske sosai sannan na hango shi. Tafe yake da gudunsa na kullum, ba gaggawa, ya jiƙe sharkaf, riga ta manne masa a jiki. Ya cire hularsa ya riƙe ta da hannu biyu a ƙirji. Da ya iso na leƙa, cike take da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Tashi malamin makaranta, hutun ya isa haka."

Ya rage gudunsa daidai nawa har muka shigo gari. A Wudil ko ɗigo ba a yi ba, ƙura ce kawai ke tashi. Baba yana zaune a dakalin ƙofar gida, Malam Isiyaku a gefensa da wasu dattawa biyu. Yaya ya durƙusa ya miƙa hular. Baba ya ɗebi ƙasar ya dunƙule ta a tafinsa, ya buɗe hannu. Ta tsaya curi guda, ba ta wargaje ba, har da shatar yatsunsa a jiki. Manomi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

"Daga ina ka ɗebo?"

Sai da na dubi Baba na sake dubansa, don ba ta bakina tambayar ta bi ba. Shi ya tambaya da kansa.

"Daga tsakiyar gona, Baba. Na tona har gwiwar hannu ban tarar da busasshiya ba."

Baba ya kamo hannun Yaya ya mayar masa da curin ƙasar a tafi, sannan ya rufe hannun da nasa hannuwa biyu. Bai kalli fuskarsa ba, ƙasa yake kallo, amma ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Sannu." Daga nan ya ɗaga murya ta cikin zaure ya ce a buɗe tulun nan.

Malam Isiyaku ya yi gyaran murya. "Ikon Allah. Ni kuwa tawa gonar ta wajen Utai take. Ko gobe in Allah ya kai mu za ku ɗan biya ta can?"

"In Baba ya aike mu," in ji Yaya.

Ni kuma bakina bai iya shiru ba, na ce, "Sai dai fa ta gindin tsamiya hanyar take, Malam." Baba ya harare ni, amma na ga gemunsa yana motsi.

A ranar muka shuka waken, mu da tsofaffin gayyar nan da ba su gajiya da mu. Inna da kanta ta ɗauko irin a ka har gona. Gajimare ya yi mana rumfa har azahar, yashi yana da sanyi a ƙafa, ƙishirwa ma sai ta zo da sauƙi. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya iso Wudil kamar da bakin ƙwarya, da tsawarsa da komai. Na duba ɗakin Yaya ban gan shi ba. Yana zaure ya jingina da bango, hannuwansa a kan gwiwa, idonsa a buɗe yana kallon indararo. Geron bayan gari rabinsa ne ya farfaɗo. Wake kuwa ya yi abin mamaki. Mun ci shi a ɗanwake, mun ci a alale, mun ci a ƙosai, har sai da na shekara ba na son jin ƙamshinsa.

Sauran daminar mun zama masu duba wa gari ruwa. Duk asubar da aka ga walƙiya a wani sashe, sai ka ji ana sallama a ƙofar gida, wannan ya ce a biya ta gonarsa, wancan ya ce tasa ta fi kusa. Da kaka ta yi aike ya ƙare, mu kuwa ba mu daina ba, kuma ba wanda ya sake tanka mana. In baƙo ya tambaya sai a ce masa 'ya'yan Malam Audu ne, aike suke kaiwa. Ba zan ce Yaya ya warke sarai ba, har yau in aka yi tsawa sai kafaɗarsa ta ɗaga. Amma ya yi aure, ya riƙe gonar Achika bayan rasuwar Baba, ya aurar da 'ya'ya.

Yanzu burtalin nan ya zama layi, shaguna hagu da dama. Da asuba ɗaliban jami'a suna wucewa a guje da tufafi kala-kala, har da mata, ba mai sauke ƙwarya ya tambaye su wa ya rasu. Tsamiyar tana nan, mai faci ya kafa rumfa a gindinta. Mu dai gudu ya bar mu tuntuni, sai tafiya, ita ma da sanda.

Yau da asuba ni ne ban iya ba. Gwiwata ta kumbura, ga zafi, ga tunanin geron da ke ƙonewa a gona. Na idar da salla na koma kan tabarma na ce yau ko sarki ne ya aiko ba na fita. Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa da sanda.

"Ɗahiru."

"Yaya, yau dai ka yi haƙuri."

"Tsamiya kawai."

Muka tafi muna ɗingishi, tsofaffi biyu, yara masu gudu suna kauce mana. Da muka isa ya dafa ta, sannan ya sunkuya da ƙyar ya ɗebi ƙasa a gindinta ya dunƙule. Ya buɗe hannu, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya karkaɗe tafinsa a jikin riga, ya ɗaga kai ya shaƙi iska.

"Ba ta yi ba tukuna," in ji shi. "Gobe ma dawo mu duba."